Kada a Kashe Tanderu Mai Lamba Bakwai

Daga:
Tsohuwar mai sharar Ɗakin Gwajin Ƙarfe (mai ritaya),
Gida na uku bayan famfo,
Layin Masu Walda.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Cibiyar Binciken Ƙarafa Masu Jure Zafi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN DAKATAR DA JIKATA DAGA AIKI, DA KUMA UMARNIN KASHE TANDERU MAI LAMBA BAKWAI RANAR 31 GA OKTOBA, 2024

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basira a kan wannan kujera, ina neman izinin gabatar da kaina, domin ka zo cibiyar nan bayan na bar ta. Ni ce matar da ta share ɗakin tanderu shekara ashirin da shida, wadda tsofaffin ma'aikata ke kira Inna Mai Tsumma. Ni ce kuma kakar injiniyar nan ta Sashen Lissafi da Hasashe, wadda kwamitin ladabtarwa ya dakatar a watan jiya. Ni na goya ta, ni na riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, saboda haka maganarta tawa ce. Ba ita ta sa ni wannan rubutu ba. Da ta sani ma, da ta ɓoye mini biro. In ka ga hannun ya karkace ka yi haƙuri, ban taɓa zama a aji ba. A jikin tanderun nan naku na koyi lambobi, a littafin rajistar ɗakin na koyi baƙaƙe.

Zan ɗan faɗi aikin da ake magana a kansa, ba don ka jahilce shi ba, sai don ka ga cewa na san abin da nake faɗa. A ɗakin nan akwai tanderu goma sha biyu a jere, kowanne a tsaye kamar randa mai wuya. A cikin kowanne ana rataye sandar ƙarfe da ba ta fi fensir kauri ba, ƙarfen nan mai haɗin nikel da ake ƙera fukafukan cikin injin jirgin sama da shi. Sai a ɗaura mata nauyi, a hura mata zafi, a bar ta. Ba narkewa take yi ba, ba kuma karyewa nan take ba. Miƙewa take yi a hankali, abin da bai kai kaurin gashi ba a wata guda, yau da gobe, har ranar da za ta gaji ta tsinke. Akwai ma'auni a jikinta da ke rubuta miƙewar kowace awa. Mu ƙananan ma'aikata muna kiran wurin Ɗakin Haƙuri.

Aikin jikata shi ne ta koya wa kwamfuta lissafin wannan miƙewa, yadda za a iya faɗin ranar gajiyar ƙarfe tun kafin ta zo. Ranar Litinin, 6 ga Maris, 2023, ta rataye sandarta a tanderu mai lamba bakwai, a zafin digiri ɗari tara. Yau sandar ta haura awa dubu goma sha huɗu a cikin wuta. Lissafinta ya ce za ta tsinke tsakanin 20 ga Nuwamba da 10 ga Disamba na bana. Tsohon lissafin da cibiya ke aiki da shi ya ce tana da sauran fiye da shekara. Ɗaya daga cikin biyun bai yi daidai ba, kuma mutane na hawa jirage bisa amanar irin wannan lissafi.

Ga ƙorafina daki-daki:

1. An yanke hukunci ba a duba kalanda ba. Ranar Talata, 17 ga Satumba, kwamiti ya zauna ya tuhume ta da cire awo a wurare talatin da huɗu daga cikin bayananta, wai don sakamakon awon ya bi lissafinta. Ranar 24 ga Satumba aka miƙa mata takardar dakatarwa. Ita ba ta musa cirewar ba. Ta shaida wa kwamiti cewa a wuraren nan ma'aunin tsalle yake yi, ya nuna sanda ta miƙe da yawa, bayan awa ɗaya ko biyu kuma ya koma inda yake, alhali ƙarfen da ya miƙe ba ya komawa. Ta ce ta lura duk ranar Alhamis abin ke faruwa, ta zaci lantarki ne, ta kira mai gyaran wuta har sau biyu bai ga komai ba. Aka ce mata wannan ba hujja ba ce, tun da ta kasa faɗin dalili. Aka tashi.

Ta dawo gida da takardun a leda, ta zube su a kan tabarma, ta zauna tana kallonsu kamar an aiko mata da rasuwa. Na ɗauko tabarauna, na sauke kalandar bango, na ce ta karanto mini ranakun ɗaya bayan ɗaya. Duka Alhamis, duka tsakanin ƙarfe bakwai da takwas na safe, kuma na farkonsu 4 ga Janairu na bana. Kafin nan, kusan wata goma, babu tsalle ko ɗaya. Sai na tambaye ta wa ke share ɗakin yanzu. Ranka ya daɗe, yarinyar nan mai digiri biyu, wadda ke neman na uku, ta ce ba ta taɓa tambaya ba. Ba ta sani ba. Ƙarfe takwas da rabi take shiga ofis, ta tarar ƙasa ta bushe tana sheƙi, kamar da kanta take wanka. Na ce mata ashe duk karatun nan ba a koya muku cewa datti ba ya tafiya da ƙafarsa ba. Ranar ce ta fara yin dariya tun da aka ba ta takardar, dariyar kuma ta ƙare da hawaye.

Ban faɗi wannan don in kunyata ta ba. Mutum biyar ne a kwamitin, kowanne ya fi ta shekaru da muƙami, kuma babu wanda ya yi tambayar. Dukkanku bayan ƙasa ta bushe kuke zuwa.

2. Ba a nemi jin ta bakin masu shara ba, alhali amsar tana hannunsu. Lokacin da aka ɗauke ni aiki, mai kula da ɗakin shi ne marigayi babban makaniki, wanda muke kira Malam Sannu-Sannu, Allah ya jiƙansa. Kafin ya bar ni in taɓa tsintsiya, sai da na yi mako guda ina tsaye ina kallo. Dokarsa huɗu ce. A cire takalmi a bakin ƙofa. A rufe ƙofa da zarar an shiga, kada iskar waje ta biyo mutum. Kada a shiga da bokiti, sai tsumma mai ɗan laima, a durƙushe. Kuma kada ko gefen zane ya shafi nauyin da ke rataye. Ya taɓa kama ni na jingina tsintsiya a jikin ƙafar tanderu. Bai yi faɗa ba. Ya ja ni gaban ma'aunin, ya ce in buga diddige a ƙasa sau ɗaya. Na buga, na ga allurar ta yi rawa da idona. Ya ce: "Inna, abin da ke cikin nan ya fi jariri saurin farkawa." Daga ranar ban sake ba, har na yi ritaya.

Wannan doka ba a taɓa rubuta ta a takarda ba. A bakinsa take, ta dawo bakina, na koya wa matar da ta gaje ni. A ƙarshen bara aka sallami masu sharar cibiya aka ba wani kamfani aikin, dokar ta bi su ta fita ta ƙofa.

Ranar Alhamis, 3 ga Oktoba, da ƙarfe bakwai saura na safe, na zo na gani da idona. Da ƙafata na shigo, ta ƙofar da na saba bi. Kada a wahalar da kowa da tambayar wa ya bar ni; mai neman wanda zai hukunta, ga ni. Na tsaya a baranda ina leƙe ta gilashi. Wata baiwar Allah ta zo da injin goge ƙasa, mai faifai kamar murfin tukunyar biki. Ta buɗe ƙofar ɗakin duka biyu, ta tokare su da kujera domin wayar injin ta wuce, ta kunna. Ƙarar tana shiga har haƙorina. Nauyin da ke ƙarƙashin tanderu mai lamba bakwai, wanda ya fi kowanne kusa da ƙofa, na gan shi yana lilo kamar ɗan kunne. Iskar safiya kuwa tana shiga tana fita yadda ta ga dama. Minti arba'in aka yi a haka.

Da ta fito na gaishe ta, muka zauna a kan matakala. Mace ce mai hankali, mai 'ya'ya uku, kuma aikinta tsaf. Ta ce babu wanda ya taɓa gaya mata komai game da ɗakin, illa dai an rubuta mata a jadawali cewa ranar Alhamis ne gugarsa. Na tambaye ta ko akwai Alhamis ɗin da ba ta goge ba. Ta yi tunani ta ce sau ɗaya, a tsakiyar watan Mayu, da injin ya lalace aka kai shi gyara. Ranka ya daɗe, daga 4 ga Janairu zuwa 29 ga Agusta, inda rahoton jikata ya tsaya, Alhamis talatin da biyar ce. Na ƙirga a kalanda sau uku da tsinken ashana. Tsalle talatin da huɗu ne. Wadda babu ita ce 16 ga Mayu. A aika a duba takardar gyaran injin, in ƙarya nake a kira ni maƙaryaciya a gaban kowa.

Ina roƙo tun yanzu, kada wannan takarda ta zama sanadin korar matar nan. Abin da aka sa ta shi ta yi. In an taɓa ta, zan sake rubuto wata takardar, kuma za ta fi wannan tsawo.

3. An sa mai ruwa da tsaki cikin masu hukunci. Shugaban Sashe, wanda tsohon lissafin nasa ne, yana cikin mutum biyar ɗin da suka zauna. Shi ne kuma, bisa takardar 24 ga Satumba, za a ba tanderu mai lamba bakwai ya sa sandarsa bayan an sauke tata. Ban ce ya yi da wata manufa ba, ban shiga zuciyarsa ba. Na san shi tun yana sabon ɗauka, mai wando ɗaya, yana manta makullinsa a cikin ɗaki ina ajiye masa a aljihun zanena. Mutumin kirki na sani a lokacin, kuma ina fatan har yanzu haka yake. Amma ko a gidana, in yara biyu suka yi rigima a kan abu, ba na sa ɗayansu ya raba. Ya kamata shi da kansa ya nemi a cire shi daga zaman. Tun da bai nema ba, ya kamata a ce an cire shi.

4. An ƙi karanta littafinta. Kowane wuri da ta cire, ta rubuta shi da hannunta a littafin aikinta mai baƙar fata, da rana da awa da abin da ta gani. Ta kawo littafin gaban kwamiti, aka ce ba takardar hukuma ba ce, ba a ko buɗe shi ba. A nan zan faɗi laifinta, domin ban zo in wanke ta da ƙarya ba. Ya kamata ta rubuta cirewar a cikin rahoton kansa, ba a littafi kaɗai ba. Ta ce ta so ta gano dalilin tukuna, kada a ce ba ta san aikinta ba. Wannan girman kai ne irin na ƙuruciya, kuma na gaya mata haka a fuskarta, har da ƙari. A ja mata kunne a kansa, ni ma zan taya. Amma wanda ya yi niyyar maguɗi ba ya rubuta maguɗinsa da kwanan wata ya kawo wa alƙalai da hannunsa.

Tun daga ranar an karɓe makullinta, an hana ta ko leƙa ɗakin. Yarinyar da a bakin ƙofar nan ta koyi tafiya, ina ciki ina aiki, Malam Sannu-Sannu na riƙe mata yatsa yana ce mata ta taka a hankali. Yanzu tana gida. Da safe takan yi shiri tsaf har da takalmi, sai ta tuna, ta zauna a bakin gado. Ta manna takarda a bayan ƙofar ɗakinmu, kullum tana ƙara awa ashirin da huɗu a kan awannin sandar. Abinci sai na tsaya a kanta. Maƙwabta sun fara tambaya ko hutu aka ba ta, masu walda na bakin layi kuma da suke mata kirari da Injiniya in ta wuce, yanzu sai su sunkuyar da kai su yi kamar aiki ya sha musu kai. Maganar maguɗi ta riga ta iso unguwa. Ban san wa ya kawo ta ba.

5. Wannan shi ne babba, kuma saboda shi na ɗauki biro. Takardar ta ce ranar Alhamis, 31 ga Oktoba, da ƙarfe goma na safe, za a kashe tanderu mai lamba bakwai, a sauke sandar, a soke gwajin. Ranka ya daɗe, shaida ɗaya tak yarinyar nan take da ita wadda ba ta jin tsoron kowa, ba ta neman ƙarin girma, ba ta da dangi a kwamiti, ita ce sandar nan. In ta tsinke a cikin kwanakin da jikata ta faɗa, magana ta ƙare. In ta wuce, magana ta ƙare ta ɗaya gefen. Kwana ashirin ne tsakanin ranar kashewa da ranar da lissafinta ya fara. An jira wata goma sha tara, an kasa jiran kwana ashirin? In aka sauke ta, babu mai iya mayar da awa dubu goma sha huɗu. Sunan mai maguɗi zai zauna a kan yarinyar har tsufanta, babu cibiyar da za ta sake ba ta ko tsinke ta auna, kuma ku kanku ba za ku taɓa sanin wane lissafi ne gaskiya ba. Ban yarda ba. Da girmanka da komai, Ranka ya daɗe, ban yarda ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina neman abubuwa kamar haka:

(a) A janye umarnin kashe tanderu mai lamba bakwai, a bar sandar a wuta har ta tsinke da kanta, ko a Nuwamba ne, ko a baɗi.

(b) A hana injin goge ƙasa shiga ɗakin daga wannan Alhamis ɗin, 17 ga Oktoba. A ba ni izini in share ɗakin da hannuna Alhamis huɗu a jere, yadda aka koya mini. Ba na neman komai a kai. Gwiwoyina sun tsufa amma suna lanƙwasuwa, tsummana kuma yana nan. A sa wanda aka amince da shi ya tsaya a kaina, a duba ma'aunin bayan na fita. In ya yi tsalle ko sau ɗaya, zan zo ofishinka in janye wannan takarda da bakina, in ba kwamiti haƙuri mutum ɗaya-ɗaya. In kuna son ƙarin tabbaci, a Alhamis ta biyar ku dawo da injin ku tsaya ku kalla. Ai gwaji ne sana'arku.

(c) A sake zama a kan maganar jikata ba tare da Shugaban Sashe ba, a buɗe littafinta a karanta, a kuma kira matar da ke goge ƙasa a tambaye ta cikin mutunci, a ba ta kujera.

(d) A rubuta dokar Malam Sannu-Sannu a manna a ƙofar ɗakin. Sauran tanderu goma sha ɗayan ma ba a sama suke rataye ba, a ƙasa ɗaya suke tsaye da na bakwai. Ina ba masu su shawara kowa ya je ya duba ranakun Alhamis ɗinsa.

Ina sane da cewa takardar tsohuwa mai shara tana iya kwana a ƙarƙashin wasu takardu har watan ya wuce. Na share ofisoshi, na san inda irinsu ke ƙarewa, ni nake kwashe kwandon. Don haka nake sanar da kai tun yanzu, a rubuce, domin kada a ce na yi ba zata. Ko amsa ta zo ko ba ta zo ba, ranar Alhamis 31 ga Oktoba da ƙarfe bakwai na safe ina bakin ƙofar Ɗakin Haƙuri da kujerata 'yar tsugunno. Ba zan yi hayaniya ba, ɗakin ba ya son hayaniya. Ba zan taɓa kowa ba. Zan zauna ne kawai a inda ƙofar ke buɗewa. Duk wanda aka aiko ya kashe wutar nan da ƙarfe goma, sai ya fara ɗaga matar da ta haura saba'in ya ajiye gefe, a gaban ma'aikatan da ta share wa ƙasa suna samari. In ya iya, to, ya cire takalminsa kafin ya shiga, ya kuma rufe ƙofa a bayansa.

Ina roƙon afuwa in harshena ya yi kaifi a wani wuri, tsufa ne da ciwon abin da aka goya. Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ikon bin ta.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Inna Mai Tsumma,
Tsohuwar mai sharar Ɗakin Gwajin Ƙarfe,
Kakar injiniyar tanderu mai lamba bakwai.

Abin da aka haɗa da wannan takarda: kalandar bangon ɗakina ta bana, da ranakun Alhamis talatin da huɗu a zagaye da jan biro, ɗaya kuma babu zagaye. A dawo mini da ita in an gama, ita kaɗai gare ni.